Ɗana Zai Cika Shekara 18 Yana Ɗaurin Talala: Wa Ke Da Ikon Riƙonsa?

TAMBAYA

Ni mazauniyar Dutsen Alhaji ce a Abuja. Aurena da mahaifin yarona na fari ya mutu tun yaron yana ɗan shekara 6, kuma tun daga lokacin yana hannuna. Na sake aure, muna da 'ya'ya 3 da maigidana na yanzu, shi ne kuma ya ɗauki nauyin yaron, ci da sha da kuɗin makaranta. Mahaifinsa yana Zariya da iyalinsa, sai ɗan aike da salla in ya samu.

Wata 10 da suka wuce 'yan sanda suka kama yaron da wayar sata, wadda abokansa suka ba shi ya sayar musu. Aka kai shi kotun iyali. Alƙali ya tausaya mana, bai tura shi ko'ina ba, ya sake shi a kan ɗaurin talala na shekara 2. Sharuɗɗan su ne ya zauna a gidanmu, ya riƙa zuwa wurin jami'ar da ke sa masa ido sau 2 a wata, kada ya bar makaranta, kada kuma a sake ganinsa da waɗancan abokai. Ni na tsaya masa, na sa hannu a kan naira 200,000.

Yanzu saura wata 6 ya cika 18, gida ya rikice mini. Maigidana ya ce ya yi iya yinsa, ranar da yaron ya cika 18 ya nemi wurin zama, don yana tsoron ya ɓata masa ƙannensa. Mahaifinsa ya bugo waya ya ce ɗansa ne, ni na lalata shi, zai turo ƙanensa ya ɗauke shi a kai shi wurin wani malami mai gyaran kangararru, in na hana kuma zai kai ni kotun Musulunci. Shi kuwa yaron cewa yake da ya cika 18 shari'ar ta mutu, ba mai iko da shi, zai bi wani abokinsa Legas neman kuɗi. Yana aji 3 na babbar sakandare, kuma tun da abin ya faru bai taɓa fashin zuwa wurin jami'ar ba.

Malam, wa ke da ikon riƙonsa, ni ko mahaifinsa? Gaskiya ne shari'ar tana mutuwa in ya cika 18? In ya tafi, me zai same ni da na tsaya masa? Ka taimake ni da shawara, barci ya ƙaurace mini.

Uwa cikin damuwa, Dutsen Alhaji, Abuja

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya yaye miki, ya shirya wannan yaro. Kafin komai ki riƙe abu ɗaya daga cikin wasiƙarki, domin shi ne jarin da za mu yi aiki da shi: wata 10 yaron nan bai yi fashin zuwa wurin jami'arsa ba, kuma yana makaranta. Kangararre ba ya haka. Wannan yaro ne da ya yi tuntuɓe ya tashi, kuma abin da ke neman sake kayar da shi yanzu rigimar manya ce.

Maza 3 da ke cikin labarinki duk rana ɗaya suka zuba wa ido. Maigidanki yana jiran ta don ya sauke kaya, mahaifin yana gaggawar ɗauke yaron kafin ta zo, yaron kuma yana ƙirga kwanaki don ya kama gabansa. Ba wanda ya dubi ranar da ta fi ta muhimmanci, wato wadda alƙali ya rubuta a takarda. Shekara 2 wata 24 ke nan. An ci 10, saura 14. Ranar haihuwarsa za ta zo bayan wata 6, wa'adin kotu kuma sai wata 8 bayanta zai cika. Waɗannan watanni 8 su ne mafi haɗari gare shi, domin a cikinsu zai zama babba a idon doka alhali sharuɗɗan kotu suna kansa.

Abin da cika 18 ke kawowa

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, ta ce a sashe na 277 yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Ranar da ɗanki ya cika, abu biyu za su faru.

Na farko, maganar riƙo ta ƙare. Babu kotun da za ta damƙa riƙon ɗan shekara 18 mai cikakken hankali a hannun uwa ko uba.

Na biyu, kuma shi ne wanda yaron bai yi tunaninsa ba, kariyar da yake samu a matsayin yaro za ta janye. Sashe na 204 na dokar ne ya sa aka kai shi kotun iyali maimakon kotun manya. Sashe na 221 ne ya hana a ɗaure yaro a gidan yari ko a yi masa bulala. Sashe na 205 ne ya hana a bayyana sunansa, ya kuma ce a ɓoye takardun shari'arsa, kada a yi amfani da su a kansa in wata shari'a ta taso bayan ya girma. Wannan duka ya samu ne saboda yana yaro lokacin da aka kama shi da wayar. In ya taɓa wani laifi kwana ɗaya bayan ya cika 18, gaban majistare zai tsaya a bainar jama'a, in aka ce a tsare shi kuma Kuje za a kai shi cikin manya.

Abin da ranar ba ta yi shi ne kashe umarnin kotu. Alƙalin da ya rubuta shekara 2 ya san shekarun yaron a ranar da yake rubutawa, yana kuma sane wa'adin zai tsallake ranar haihuwarsa. Doka ta ba shi wannan dama: irin wannan saki a kan sharaɗi yana iya kai wa shekara 3, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada. Ƙa'ida kuma a kotunan Najeriya ita ce umarnin kotu yana nan daram har sai wa'adinsa ya cika, ko kotun ta janye shi da kanta, ko kotun sama ta soke shi.

To a ce ya hau motar Legas. Ranar zuwa wurin jami'a za ta zo ba a gan shi ba. Jami'ar za ta bugo miki waya, ta zo gida, ba ya nan. Aikinta ne ta rubuta wa kotu. Kotu na iya ba da sammaci ko takardar kamu, in aka dawo da shi kuma alƙali yana da ikon komawa kan laifin wayar ya yanke hukuncin da ya jingine tun farko. Ƙasar nan tana da gidajen horon matasa 'yan shekara 16 zuwa 21 a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, don haka wanda ya cika 18 bai wuce shekarun shiga ba. Yaron da ya yi haƙurin wata 16 zai zubar da su duka saboda wata 8.

Barazanar mahaifinsa

Mu dubi maganar kotun Musulunci da idon basira, domin na san ita ta fi tsorata ki. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa bayan rabuwar aure, kuma renon ɗa namiji yana ƙarewa ne da balagarsa. Haka yake a Risala, littafin da kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya karanta. Gaskiya ne auren uwa da wani namiji yana iya kayar da haƙƙinta, amma ko a nan ba uba ne ke biye da ita ba, kakar yaro ta wajen uwa ce. Malaman mazhabar sun kuma ce wanda ya san uwa ta yi aure ya yi shiru har shekara ta zagayo ba tare da uzuri ba, ya rasa damar neman karɓe yaron da wannan hujja. Mahaifin ɗanki ya yi shiru shekara da shekaru.

Amma ko wannan ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Yaro ɗan shekara 17 da rabi ya riga ya balaga, reno ya ƙare a kansa, kuma a mazhabar baligi mai hankali shi ke zaɓar inda zai zauna. Ku biyu in kuka shiga kotu a kan riƙonsa, kamar masu rigima ne a kan inuwar la'asar: kafin a gama sauraron shaidu da ɗage zama, wata 6 sun shuɗe, abin da ake jayayya a kai ya gushe, kuɗin mota da na lauya sun tafi.

Wannan ba ya nufin mahaifin ba shi da haƙƙi. Shi ne waliyyinsa, sunansa yaron yake amsawa, kuma tsoron da yake ji na lalacewar ɗansa tsoro ne na gaskiya da ya kamata a saurara. Abin da ba shi da shi shi ne ikon turo mota a ɗauke yaron. Sharaɗin zama a gidanku kotun iyali ce ta gindaya shi a shari'ar laifi, kuma kotun da ke sauraron ƙarar aure da reno ba ta da hurumin goge shi. In ƙanen mahaifin ya zo ya tafi da shi Zariya ba da izinin waccan kotu ba, a takarda yaron ne ya karya sharaɗi, ke kuma da kika tsaya masa ke za a fara nema. Idan sammaci ya zo miki daga kotun Musulunci, kada ki ƙi zuwa. Ki je da ladabi, ki miƙa wa alƙali kwafin umarnin kotun iyali. Takardar za ta yi miki bayanin da bakinki ba zai iya ba.

Idan mahaifin da gaske yake son ɗansa ya koma wurinsa, ƙofa a buɗe take, amma ƙofa ɗaya ce. Ya zo Abuja ya gana da jami'ar, a shigar da roƙo gaban kotun da ta yi umarnin cewa a sauya wurin zaman yaron. Kotu tana da ikon sauya sharuɗɗanta, kuma sashe na 223 na dokar 2003 ya ba ta damar damƙa yaro a hannun ɗan'uwa ko wani mutumin da ta amince da shi. Tambayoyin da za ta yi sanannu ne. A wane ɗaki zai kwana, da su wa? Wace makaranta za ta karɓe shi a tsakiyar ajin ƙarshe? Wa zai tsaya masa a can? Wane jami'i zai ci gaba da sa masa ido a garin da ke da nisan sama da kilomita 200, a jihar da ke da tata dokar kare yara tun 2018? Shi yaron me ya ce? Ma'aunin da sashe na 1 na dokar ya ba alƙali shi ne abin da ya fi zama alheri ga yaron, ba wanda ya fi ƙarfin murya a cikin iyayensa ba.

Maganar malami mai gyaran kangararru

A nan ba zan sassauta murya ba. Kada ki yarda. Akwai malamai na Allah da ke yi wa matasa nasiha su shiryu, kuma ba da su nake ba. Ina magana ne a kan gidajen da ake kulle mutum, a sa masa mari, a ce ana gyara shi. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun buɗe wani irin wannan gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka samu makamancinsa a Daura. Mafi yawan waɗanda aka fito da su iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, suna biyan kuɗi.

Kotun da ta saurari laifin ɗanki doka ta hana ta ɗaure shi ko ta sa a dake shi. Ta yaya abin da aka hana alƙali zai halatta ga wani a bayan katanga? Ranar da aka kulle shi a can kuma ya karya sharuɗɗa 3 a lokaci ɗaya: ya bar gida, ya bar makaranta, ya daina zuwa wurin jami'a. In mahaifin yana son ɗansa ya samu tarbiyyar addini, ga makarantun dare da zaurukan karatu a unguwarku, wanda yaro zai je bayan magariba ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Ki sanar da jami'ar wannan shiri na mahaifin tun yanzu, don ta rubuta a fayil.

Maigidanki

Mutumin nan ya riƙe agola shekara da shekaru, ya ciyar, ya biya makaranta, ranar da 'yan sanda suka zo kuma ƙofarsa suka ƙwanƙwasa a gaban maƙwabta. Ba doka ko shari'a da ta wajabta masa wannan, alheri ne ya yi. Don haka kada ki tunkare shi da maganar haƙƙi, za ki yi asara. Tsoron da yake yi wa ƙananan 'ya'yansa ma ba laifi ba ne.

Abin da ke gajiyar da mutum shi ne nauyin da ba a san ranar sauke shi ba. Ki ba shi rana. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, wansa ko limamin masallacinku, ku zauna da takardar kotu a gabanku. Ki fara da godiya, sannan ki ce masa: Alhaji, ba har abada nake roƙo ba, wata 14 ne, ga ranar a rubuce. In ka kore shi ran da ya cika 18, ba titi kawai ka tura shi ba, ka mayar da shi gaban alƙali, ni kuma ka sa an kira ni. A wurin zaman a gindaya wa yaron dokokin gida a gaban kowa: lokacin dawowa da dare, aikin da zai riƙa yi, da sharaɗin ba ya jan ƙannensa ko'ina sai da izini. Ki roƙi maigidan ya raka ku wurin jami'ar ko sau ɗaya, ya ji daga bakinta yadda yaron yake. Sau da yawa shaidar bare tana sanyaya zuciyar da maganar mata ba ta sanyaya ba.

In ya tsaya a kan bakansa, kada ki kashe aurenki, kada kuma ki jira ranar ta riske ki. Ki duba cikin danginki da ke Abuja, wanki ko yayarki ko mahaifiyarki, wanda zai karɓi yaron. Sauya gida a cikin gari ɗaya, inda makaranta da jami'a ba su canza ba, ya fi sauƙin samun amincewar kotu nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya ne: izini ya fito kafin a ɗauki jakarsa, ba bayan an ɗauka ba.

Tsayawar da kika yi

Sa hannun da kika yi alkawari ne tsakaninki da kotu, kuma yana tafiya ne da wa'adin umarnin, ba da shekarun yaron ba. In ya karya sharaɗi, kotu na iya kiran ki ki faɗi dalilin da zai hana a karɓi naira 200,000 ɗin daga hannunki. Abin da ke ceton mai tsayawa a irin wannan rana shi ne a ga bai ɓoye komai ba. Don haka duk abin da ya taso, jami'ar ta fara ji daga bakinki. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar kowace ziyara, ki roƙe ta ta sa hannu a gefe. Ki adana sakamakon jarrabawarsa da rasit na makaranta a leda ɗaya da takardar kotu.

Mai tsayawa yana da damar roƙon kotu ta sauke masa nauyin, amma ban ba ki wannan shawara ba. In kika janye, yaron ne za a kira ya kawo wani, in ya rasa kuma zamansa a waje ya shiga haɗari. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da ya fi shi ne a ƙara masu tsayawa. Ki ce wa mahaifin, ta bakin wani dattijo daga danginsa: tun da ɗanka ne, zo ka sa hannu tare da ni, ka biya kuɗin jarrabawarsa ta WAEC ko NECO. Sashe na 14 na dokar 2003 ya ɗora ciyar da yaro a kan iyayensa gwargwadon ƙarfinsu, don haka ba alfarma kike nema ba. Uban da ya sa hannunsa da kuɗinsa a cikin lamari ya daina zama mai barazana daga nesa, ya zama abokin aiki. Da salla kuma a nemi izinin jami'a a rubuce, yaron ya je Zariya ya yi kwanaki ya dawo.

Shi kansa yaron

Duk abin da na faɗa a sama ba zai yi aiki ba in shi bai yarda ba, domin nan da wata 6 ba mai iya tare shi a ƙofa. Daga yau ki daina yi masa magana a matsayin kayan da ake jayayya a kai. Yana jin wayar da kuke yi, ya san mijin uwarsa ya gaji da shi, ya san ubansa mari yake shirya masa. Maganar Legas da yake yi rabinta gudun wulakanci ne: gara ya tafi da ƙafarsa kafin a kore shi.

Ki zaɓi dare bayan ƙannensa sun yi barci. Ki ɗauko kalanda ki ba shi biro, ya zagaye ranar haihuwarsa da hannunsa, ya zagaye ranar cikar wa'adi, ya ƙirga watannin da ke tsakani. Ki gaya masa abin da ke jiran sa in ya tafi, ba da tsawa ba, ki kuma gaya masa cewa ke za a kira. Sannan ki ba shi labarin da bai sani ba, wanda shi ne mafi daɗi a cikin wannan amsa: kotu tana da ikon sallamar mutum daga sa ido kafin wa'adi ya cika, in jami'in da ke kula da shi ya nema, kotun kuma ta gamsu cewa halinsa ya gyaru. 'Yancin da yake nema a tashar mota yana iya samunsa ta hannun matar da yake zuwa wurinta sau 2 a wata. Wata 10 ba fashi, in ya ɗora musu takardar kammala sakandare da shaidar shugaban makaranta, hujja ce mai nauyi. Ku tambayi jami'ar tare: me take so ta gani kafin ta rubuta wannan roƙo?

Ki kuma cika masa lokacinsa. Tsakanin gama jarrabawa da cikar wa'adi akwai watannin zaman banza, kuma a irinsu tsofaffin abokai ke dawowa. Ga kasuwar katako da kayan gini ta Dei-Dei ba nisa da ku, ga masu walda da ɗinki da haɗa sola a kowace unguwa. A samo masa maigida mai mutunci tun kafin ya ajiye biro, a sanar da jami'ar. Saurayin da ke dawowa gida da ɗan abin da ya samu da guminsa, ya saya wa ƙannensa biredi, kallon da mijin uwarsa ke yi masa ma sai ya canza.

Abin da za ki yi a wannan mako

Ki je ofishin rajistaran kotun da ta yi shari'ar, ki nemi kwafin umarnin mai hatimi, da na takardar da kika sa wa hannu. Ki sa a karanta miki su layi-layi, ki haddace ranar ƙarewa da lafazin sharaɗin wurin zama. Ki nemi ganawa da jami'ar ke kaɗai, ki zayyana mata duk abin da kika rubuto mini. Ki tabbatar takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana hannunki kuma ranar da ke ciki ta dace da ta fayil ɗin kotu. In wani ya ba ki shawarar a je a yi rantsuwar rage masa shekaru, ki guje shi, wannan sabon laifi ne. Idan ana bukatar lauya kuma ba hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da hedikwata a Abuja, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana karɓar irin wannan ƙorafi na mata da yara.

Ga masu karatu da ke wasu jihohi, ku sani dokar 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano a 2023, kuma akwai bambance-bambance a tsakaninsu. Abin da bai canza ba a ko'ina shi ne kotun da ta gindaya sharaɗi ita ke warware shi.

Hukuncina a kan tambayarki shi ne wannan. Daga yau zuwa cikar wa'adi, yaron ya zauna inda takardar kotu ta ce, ko inda kotun ta amince a mayar da shi, ya gama jarrabawarsa. Ba mahaifinsa, ba maigidanki, ba ke kanki da ke da ikon sauya wannan da baki. Bayan wa'adi ya cika zaɓi nasa ne, kuma in ya zaɓi Zariya kada ki tare shi. Garin ubansa ne, garin karatu ne mai Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin Nuhu Bamalli, ya kuma yi nisa da abokan da suka jefa shi a wannan hali. Ɗan da ya je wurin ubansa da ƙafarsa, da takardar sakandare a hannu da shari'a a rufe, ya fi wanda aka jefa a mota da dare.

Ku manyan nan 3, ina roƙonku don Allah ku ajiye tsohuwar gaba ta wata 14 kacal. Yaron ya riƙe nasa alkawarin wata 10, saura ku riƙe naku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa wannan ce shari'arsa ta farko kuma ta ƙarshe.